Littafin Mai Lambu

Idan damina ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, ruwa ya fara janyewa daga fadama, sai masu lambu su kama aiki. Wannan yana yashe rijiya, wancan yana gyaran injin ban ruwa, wani kuma ya riga ya ja fangali zai yafa irin albasa. Da yawa daga cikinku 'yan aji wannan ita ce sana'arku ta rani. Ba za mu koya muku riƙon fartanya ba, kun fi mu sani. Abu guda mu ke so ku ƙara cikin kayan aikinku, watau ƙaramin littafi da fensir.

Ku gwada tambayar kowane mai lambu, ku ce, "Malam, bara yaushe ka dasa tumatir?" Zai ce, "Da sanyi ya fara shigowa." In kun ce, "Kwando nawa ka tsinka?" sai ya yi murmushi ya ce, "Alhamdu lillahi, an samu." Ba ƙarya ya yi ba, kuma ba ɓoyewa ya ke yi ba. Ya manta ne. Zuciya ta kan riƙe ranar da aka tsinki kwando goma, ta saki ranakun da aka tsinki biyu biyu. Ta kan riƙe ranar da kasuwa ta yi kyau, ta manta kuɗin mai da na taki da su ka fita kaɗan kaɗan. Saboda haka mutum ya kan shekara goma yana lambu, bai san wane fangali ke ciyad da shi ba, wane ne kuma ke cinye masa kuɗi.

Abin da ya fi kome muhimmanci a littafin nan shi ne kwanan wata. A nan kuwa akwai wani rami da mutane da yawa su kan faɗa.

Mu kan ji mutum ya ce, "Ni bayan Babbar Salla na ke yafa iri." To, Salla tana bin wata ne, shuka kuwa tana bin rana, da sanyi, da zafi. Shekarar wata kwana 354 ce ko 355. Shekarar rana kwana 365 ce. Watau kowace shekara Salla tana riga ta bara zuwa da kwana 10 ko 11. A shekarar 2015 an yi Babbar Salla ran 24 ga Satumba, lokacin da ruwan sama ke shirin ɗaukewa, masu lambu na shirin renon iri. A 2024 kuwa ran 16 ga Yuni aka yi ta, damina tana farawa ke nan. Kun ga wanda ya ɗaure lissafinsa a jikin Salla, cikin shekara tara ya goce da fiye da wata uku. Kakanninmu sun san wannan sarai. Shi ya sa malamai masu hisabi su ke lissafa wa manoma lokaci da taurari, su 28, kowane da kwanakinsa 13, guda ɗaya da 14, don lissafin ya tafi daidai da rana. Mu a littafin lambu sai mu yi aiki da watannin boko, Satumba, Oktoba, Nuwamba, har zuwa Afrilu, gama su ma da rana su ke tafiya.

Amma kada ku yar da watan Musulunci. Ƙasa ba ta san shi ba, kasuwa kuwa ta san shi. Da azumi da lokacin Salla a kan nemi kayan miya da latas fiye da kullum. Wanda ya iya, ya rubuta duka biyu, ɗaya a gefen ɗaya.

Ga misalin yadda shafi zai kasance. Mun ƙaga shi ne don koyo, naku zai bambanta.

Fangali na 3. Tumatir, Roma.
5 ga Oktoba, yafi.
11 ga Oktoba, ya tsiro.
2 ga Nuwamba, dashe.
16 ga Nuwamba, takin kamfa, mudu 1.
1 ga Disamba, ya fara fure.
12 ga Janairu, tsinkar fari, kwando 1.
20 ga Fabrairu, tsinkar ƙarshe.

Ba wata doguwar magana a ciki. Wanda ya yi wata uku a aji zai iya rubuta wannan. Yanzu mu ƙirga. Daga 5 ga Oktoba zuwa 2 ga Nuwamba kwana 28 ne, su ne kwanakin reno. Daga dashe zuwa tsinkar fari kwana 71. In an haɗa, kwana 99 ke nan daga ranar da iri ya taɓa ƙasa zuwa ranar da kwando ya fara fita.

Mene ne amfanin sanin 99 ɗin nan? Amfaninsa shi ne mutum ya iya ƙirga baya. A 2025 an ɗauki azumi ran 1 ga Maris. Mai wannan littafi, in yana so tumatirinsa ya fara nuna a farkon azumin, sai ya ja baya da kwana 99, ya sauka a kan 22 ga Nuwamba. Sa'an nan ya ƙara 'yan kwanaki, ya yafa tun tsakiyar watan, domin irin da aka rena cikin tsananin sanyi ba ya saurin girma kamar na Oktoba. Wanda ba shi da littafi sai dai ya leƙa lambun maƙwabcinsa, in ya ga ya yafa shi ma ya yafa. Haka kowa zai yi, duk gari a yafa mako guda, a tsinka mako guda, a taru a kasuwa rana guda. Ranar kuwa mai saye ne sarki. Duk wanda ya taɓa ganin tumatir jibge a bakin hanya wajen Kadawa ko Kwanar Gafan a jihar Kano, lokacin da ya yi yawa, ya san abin da mu ke faɗi.

Kowane iri da nasa kwanakin. Albasa ta kan yi mako 6 zuwa 8 a wurin reno, bayan dashe kuma ta kan nemi wata 3 zuwa 4 kafin a cire. Tattasai da attarugu su kan yi nawar tsirowa, renonsu kuma ya fi na tumatir daɗewa. Kuɓewa ba a dasa ta, shuka ta a ke yi, wajen wata 2 a fara tsinka, amma ba ta son sanyin hunturu. Alayyafo shi ne mai gaggawa, cikin wata guda ko ɗoriya kaɗan ya isa yanka. Waɗannan lissafin kowa da kowa ne, wanda malamin gona zai gaya muku. Na lambunka kai kaɗai za ka samo shi, domin ƙasar jigawa ba ɗaya ta ke da laka ba, mai ban ruwa kullum kuma ba ɗaya ya ke da mai yi bayan kwana uku ba. In ka rubuta shekara biyu ko uku, kwanakin da ke littafinka sun fi na kowane malami daidai da wurinka.

Har wa yau kwanan wata zai nuna maka iyakar lokacin dashe. Tumatir ba ya son zafin bazara. In zafin Maris da Afrilu ya riske shi yana fure, furen ya kan zube, 'ya'ya su yi kaɗan. Mutum zai ce taki ne ba shi da kyau, ko irin ne na banza, ko kuwa ya ce baki ne ya kama lambun. In ya duba littafi ya ga dashen Nuwamba ya ba shi kwando 14, na ƙarshen Janairu ya ba shi 5, alhali iri ɗaya ne, taki ɗaya, to, ya gane ba kowa ya yi masa kome ba, latti ya yi.

Kun lura a misalin nan mun rubuta "Fangali na 3." Wannan ba ado ba ne. A shafin farko na littafin ku zana lambun yadda ya ke, ga rijiya, ga hanya, ga mangwaron da ke gefe, sa'an nan ku ba kowane yanki lamba. In fangalai sun yi yawa, a haɗa goma ko ashirin a kira su yanki ɗaya. A kafa 'yar sanda a bakin kowane yanki, a yi mata tsaga da wuƙa, ɗaya, biyu, uku, don ko yaro aka aika ya gane.

Dalilin zanen nan shi ne ƙasa tana gajiya da dangi ɗaya. Tumatir, da tattasai, da attarugu, da barkono, da yalo, da gauta, duk 'yan gida ɗaya ne, cutar ɗaya ta kan kama ɗaya. Akwai wasu 'yan tsutsotsi cikin ƙasa, ido ba ya ganinsu, su kan shiga saiwa su sa ta yi ƙululai. Sai ka ga shuka tana yaushi da rana ko an ba ta ruwa. In ka tuge ka duba saiwar za ka ga ƙululan. Kuɓewa ma su kan kama ta, ko da ya ke ba danginsu ba ce. Wanda ya cire tumatir bana ya sa attarugu baɗi a wuri ɗaya yana tsammani ya sauya shuka, amma ga tsutsotsin nan tuwo ɗaya ne aka sake wa kwano. Abin da ya kamata ya biyo baya shi ne albasa, ko masara, ko dawa. A bar wurin shekara biyu ko uku kafin dangin tumatir su komo. Wa zai tuna abin da ya sa a yanki na 5 shekara uku da su ka wuce? Zane ne kaɗai zai tuna.

Sai maganar iri. Ku rubuta sunansa, da inda ku ka samo shi, da watan da ya zo hannunku. In na gwangwani ne ko na takarda, kada ku yar da takardar, ku soka ta cikin littafin. In kun ga an rubuta harafin F da lamba 1 a jiki, wannan irin aure ne. Ya kan yi yabanya mai kyau, amma in ka ɗebi iri daga 'ya'yansa ka shuka baɗi, ba za su fito kamar uwarsu ba. Roma da wanda a ke kira UTC ana iya ɗiban irinsu a ajiye. In ba a rubuta ba, ranar ɗiban iri duk tumatir ja ne, ba mai rarrabewa.

Irin albasa kuwa ba ya jure ajiya. Irin tumatir ya kan yi shekara uku ko huɗu da rai in an ajiye shi a wuri busasshe, amma na albasa, a zafin ƙasarmu, da ya wuce shekara guda sai ya fara mutuwa. Mutanen Aliero a jihar Kebbi da na Galmi a ƙasar Nijar, waɗanda albasarsu ta yi suna, ba su wasa da wannan. Kafin ka yafa, ƙirga ƙwara 20, ka naɗe cikin tsumma mai laima, ka ajiye a inuwa, kana yayyafa ruwa kada ya bushe. Bayan kwana 10 ka buɗe ka ƙirga waɗanda su ka tsiro. In 16 ne ko fiye, irin na da kyau. In 10 ne, sai ka yafa ninki biyu. In bai kai haka ba, nemi wani tun da wuri. Rubuta abin da ka gani tare da sunan kasuwar da ka saya. Baɗi ka san rumfar da za ka koma da wadda za ka wuce.

Yanzu ga wurin da rubutu ya shafi rai, ba kuɗi kaɗai ba, watau feshin magani. Kowace kwalbar maganin ƙwari an rubuta a jikinta kwana nawa za a jira bayan feshi kafin a tsinka. Wani kwana 3 ne, wani 7, wani 14 ko fiye. Kuɓewa kuwa bayan kwana biyu ko uku a ke tsinkarta, latas da tumatir kuma ɗanyu a kan ci su. In ka fesa ran Talata, ƙanenka ya zo ran Alhamis ya tsinka bai sani ba, abin da zai shiga tukunyar gidanku da ta mutanen gari ke nan. Saboda haka ranar feshi a rubuta abu uku: kwanan wata, da sunan maganin, da ranar da ya halatta a tsinka. A ja layi ƙarƙashin ta ukun. In sunan ya yi wuyar rubutu, a kwaikwayi haruffan ɗaya ɗaya daga jikin kwalbar. Allah ya kiyaye, in wani ya kamu da ciwo bayan feshi, sunan nan shi ne abin da za a fara tambaya a asibiti.

Sunan yana da wani amfani kuma. A 2016 wata 'yar tsutsa mai shiga cikin ganyen tumatir da 'ya'yansa ta yi ɓarna ƙwarai a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Asalin tsutsar daga Amurka ta Kudu ne. Ta fi ƙarfi lokacin zafi, kuma in an yi ta fesa mata magani iri ɗaya, sai ta saba da shi ya daina kashe ta. Mai littafi zai iya nuna wa malamin gona ya ce, "Ga abin da na fesa, sau uku, ga ranakun, ga ranar da na fara ganinta." Daga nan malamin zai san abin da zai ce a sauya. Wanda ya ce, "Wani ne mai jan murfi," ko malamin ya so taimakonsa ba shi da ta yi.

Lissafin kuɗi mu kan ba shi ƙarshen littafi. A juya littafin ta baya, shafin hagu abin da ya fita, na dama abin da ya shigo. Iri, taki, magani, 'yan ƙwadago, kwanduna, kuɗin mota, la'adar dillali. Kada a manta da man inji. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, ban ruwa ya zama babban abin da ke cin aljihun mai inji. Rubuta lita nawa ka zuba kowace rana ta ban ruwa. Mutum ba zai san ko sayen injin da ke aiki da hasken rana zai biya shi ba, sai ya san abin da fetur ke ci masa a rani guda.

Wajen tsinka a rubuta duka, ba wanda aka sayar kaɗai ba. Wanda aka kai gida, da wanda aka yi sadaka da shi, da wanda aka yanka aka shanya, da wanda ya ruɓe, duk lambun ne ya ba da su. A kuma faɗi irin kwandon, babba ne ko ƙarami, domin kwando bai zama ma'auni ɗaya a kowace kasuwa ba. In dillali ya ɗauki kaya bashi, a rubuta a gabansa, a karanta masa ya ji. Mu kam ba mu ga abin kunya a nan ba. Dillalin kirki zai fi so a yi haka, domin shi ma ya huta da musu.

Masu ajiye albasa a rudu, ga ɗan lissafi gare ku. Kowa ya san albasa ta kan yi araha lokacin cira, ta yi tsada bayan 'yan watanni. Amma a rudu tana ramewa, wata kuma tana ruɓewa. A ce ka zuba buhu 10, lokacin da a ke sayad da buhu naira 20,000. Da ka sayar nan take, da ka karɓi naira 200,000. A ce bayan wata huɗu ka fitar da buhu 7 masu kyau. Raba 200,000 gida 7, za ka sami wajen naira 28,600. Watau in buhu bai wuce haka ba ranar da ka fitar, ajiyar ba ta ƙare ka da kome ba, sai wahalar juyawa da tsincewa. In ya kai 40,000 kuwa, ka ci riba sosai. Farashin nan misali ne kurum, ku sa na kasuwarku. Amma ba mai iya wannan lissafi sai wanda ya rubuta buhu nawa ya zuba, buhu nawa ya fitar. In kuma ruɓar ta yi yawa, ya koma baya cikin littafi ya duba ranar da ya yanke ban ruwa. Albasar da aka ci gaba da ba ta ruwa har ranar cira, ko aka cika mata yuriya a ƙarshe, ba ta daɗewa a ajiye. A kan tsai da ruwa wajen mako biyu kafin cira, bayan lawashi ya fara kwantawa.

Wani zai ce, "Ni hannuna bai faɗa ba tukuna." Ba kome. Lambobi dai kun riga kun koya. In ba ka iya rubuta "albasa" ba, zana ta, ka sa kwanan wata a gefe. Kwando kuwa, ja ɗan layi ɗaya ga kowane kwando, in sun kai biyar ka tsallake ka fara wani jeri. Wanda ya iya ajami ya rubuta da ajami, littafinsa ne. Yaron makaranta zai iya taya ka, amma yaro ya kan tafi makarantar kwana, ko ya rubuta abin da kai ba ka iya karantawa. Gara naka hannun, ko da haruffan sun karkace. Matan aji su ma wannan ya shafe su. Uwargida mai 'yar kuɓewa da rama da yakuwa a bayan ɗaki, in ta rubuta ranar shuka da mudu nawa na busasshiyar kuɓewa ta samu, za ta san ko abin ya isa miyar rani ko sai an ƙara kunya biyu baɗi.

Mun ce fensir, ba biro ba, domin hannun mai lambu kullum a jiƙe ya ke, tawada kuwa in ta sha ruwa ta kan baje. A ɗaure fensirin da zare a jikin littafi, a sa littafin cikin leda, a rataye inda akuya ba ta kai ba, nesa da gara. Masu waya suna iya ɗaukar hoton shafi don gudun ɓata, amma waya ta kan lalace, a kan kuma sayar da ita. A rubuta abu ranar da aka yi shi, kafin a bar lambun ko bayan Magariba. In an bari sai Jumma'a, ranakun za su cakuɗe, a koma ga cewa "wajen Talata ne ko Laraba."

Ran aji mai zuwa kowa ya zo da sabon littafi mai shafi 40 da fensirinsa. Kafin nan ku zagaya lambunku ku ƙirga yankunansa, ku tambayi na gida abin da aka sa a kowane yanki bara. Za mu fara da zanen shafin farko a kan allo, sa'an nan kowa ya yi nasa. Wanda ya riga ya yafa iri ya yi ƙoƙari ya tuno ranar, mu rubuta ta tare.